Wayar da Na Ja Zuwa Sashen Yayana

Kiru,
Laraba, bayan la'asar.

Sagiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka ka sauka Kwanar Dangora lafiya, kai da kayanka, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na direbobin nan da ba sa ganin mutum sai sun kusa taka shi. Babarka na ba, ta cusa maka ita a aljihun jaka, don na san idan ni na miƙa maka da hannuna bakina ba zai yi shiru ba. Ka dai ga yadda muka ƙare jiya. Na ɗaga murya, ka sunkuyar da kai, ka fita ba ka fahimci kome ba sai dai cewa Baba ya sake tashi da faɗansa. To nemi wuri ka zauna ka karanta daga sama har ƙasa, kada ka tsallake min layi ko ɗaya.

Har yanzu raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba. Jiya da safe na shiga ɗakinka neman igiyar ɗaurin buhu, sai na tarar da bakkon kayanka a buɗe. A samansa ga naɗin baƙar wayar dish, ga salatif, ga tsohuwar filayata da na daɗe ban sa ta a ido ba. Ban gama mamaki ba na jiyo ka a zaure kana waya da abokinka, kana dariya, wai kai ba za ka sayi dikoda ba, ba kuma za ka biya kamfani kuɗin ƙarin ɗaki ba. Wai Auwalu ɗan Baffanka yana da tasa, waya kawai za ka ja daga falonsa zuwa ɗakinka, ka riƙa ba shi rabin kuɗin wata. Har da cewa wannan ita ce dabarar masu wayo. Sannu mai wayo. Duk gidajen da ke ƙasar Kano ka rasa inda za ka gwada wayonka sai gidan Baffanka Sule?

Na san ba ka san abin da ya faru ba, shi ya sa ma na fasa ci gaba da yi maka ihu. Kana ɗan shekara shida ko bakwai aka yi abin. Abin da ka sani shi ne ka tashi ka ga katanga ta raba gidanmu biyu, daga baya Baffanka ya kwashe iyalinsa ya koma Kwana. An ce muku kasuwanci ne ya kai shi. Ni na ce a faɗa muku haka, kuma ƙarya ce. Ni na kore shi, da irin wannan wayar da ka naɗe ka sa a jaka.

Bari in fara gaya maka wane ne Yaya Sule a wurina, don yaran yanzu kun ɗauka baffa mutum ne da ake zuwa gaisarwa da Sallah a karɓi ɗan canji. Ranar da aka tashe mu daga tsohon garinmu saboda ruwan madatsar Tiga, ni ban san kome ba, a kafaɗarsa na yi tafiyar. Da mahaifinmu ya rasu, shi ya riƙe gidan. Shi ya ƙi shiga makaranta ya tura ni, shi ya sa yau nake iya rubuta maka wannan takarda shi kuwa sai an karanta masa. Shi ya koya min noman rani, shi ya nemo min auren babarka, shi ya yanka min sashe a gidan nan ya ce in gina. Wannan mutumin nake ba ka labari.

Shekarar da tumatir ya yi min kyau ya kuma yi kuɗi, kaina ya kumbura. Na je na sayo talabijin da dish da dikoda, irin wadda ake biya duk wata. Aka kira min wani mai haɗawa daga Bebeji, sunansa Isiyaku, ya zo a kan acaɓa da tsaninsa a kafaɗa. Ya hau ya kafa dish, ya sauko ya saita, hoto ya fito tangaran. Yana haɗa kayansa na ce masa ina son abin ya kai har sashen Yaya, don shi ma yana da ɗan tsohon talabijin da ba ya kama kome sai hazo.

Ya ce, "To Malam Haruna, sai an ƙara dikoda ta biyu a can, kamfani kuma zai ɗora maka ɗan ƙari a kan kuɗin wata. Ta haka ne kowa zai kalli abin da yake so."

Na ce, "In ba a ƙara ba fa?"

Ya ce, "In ka ja waya daga bayan wannan, hoto zai je. Amma abin da ka kunna a nan shi zai gani a can. Ka canza tasha ta canza masa, ka kashe ya mutu masa. Ni dai ban ba ka shawarar haka ba, na shiga gidaje da yawa na ga yadda abin yake ƙarewa."

Dariya na yi masa. Na ce ai ku da kamfani bakinku ɗaya, so kuke ku tatse talaka. Na ce ni da nake kwance injin ban ruwa in mayar da shi da hannuna, wata 'yar waya ce za ta gagare ni? Bawan Allah, da ma na riga na ba shi ladansa, ya ɗauki tsaninsa ya hau mashin. Washegari na hau mota na je Kwana na auno waya, na dawo ina jin na fi kowa basira a unguwarmu.

Kada ka ɗauka na koma son kamfanin nan. Har gobe ina ganin ƙarin da suke yi kan ɗaki na biyu cuta ce. Gida ɗaya, dish ɗaya, abu daga sama yake saukowa ba su suka ɗauko shi a ka ba, amma don ka ƙara ɗaki sai su ƙara maka kuɗi. Duk wata in zan biya sai na yi tsaki. Amma ka ji ni da kyau: idan ka ga kuɗin abu zalunci ne, ko dai ka biya kana mita, ko ka haƙura da abin gaba ɗaya, babu wanda rashin kallo ya taɓa kwantarwa a asibiti. Abin da ba a yi shi ne ka ce za ka yi wa kamfani wayo ta hanyar ɗan'uwanka. Kamfanin bai ma san ina duniya ba, bai yi asarar kome ba. Kuma idan mai sana'a ya tsaya ya ce maka bai ba ka shawarar abu ba, alhali ya riga ya karɓi kuɗinsa, ka rufe bakinka ka saurare shi.

Abu na biyu ya fi wannan muni, kuma sai da na ajiye biro na zaga gida kafin in iya rubuta shi. Da na gama jan wayar, na je na sami Yaya na ce ga shi na kawo masa duniya har ɗaki, sai dai kuɗin wata yana da ɗan nauyi, ko zai riƙa kawo rabi. Ni na buɗe baki na nema, ba shi ya ce zai bayar ba. Ya ce ai wannan ba abin magana ba ne. Abin da ban gaya masa ba shi ne maganar Isiyaku. Dikoda a ɗakina take, rimot a hannuna yake, shi nasa ido ne kawai.

Kwana biyu da haɗawa sai ga shi a ƙofata yana murmushi. Ya ce, "Haruna, talabijin ɗin nan nawa ko aljanu gare shi? Ina cikin kallon labarai sai kawai na ga wasu ƙatti suna bin ƙwallo." Dole na yi masa bayani, ina kame-kame. Ya yi dariya ya ce, "To ba kome. In lokacin labarai ya yi dai ka riƙa tunawa da ni." Na ce in sha Allahu. Na tuna da shi na kamar sati biyu.

Daga nan fa, Sagiru, sai ya zama yayana, wanda ya goya ni, shi ke tsallako tsakar gida ya tsaya a ƙofar ɗakina yana sallama, yana roƙon in mayar masa da tashar da ya biya wa rabi. Wani lokacin in ce, "Yaya, saura minti goma a tashi." Ya ce to, ya koma ya zauna yana kallon ƙwallon da bai san kansa ba bare gindinsa. Wani lokacin in tafi fadama da rimot a aljihu don kada ku yara ku lalata, su yini can suna kallon duk abin da na bari. Fiye da shekara muna haka. Duk ƙarshen wata shi da kansa yake kawo min kuɗinsa, bai taɓa bari na tambaya ba, ni kuma in karɓa in sa a aljihu ban taɓa jin nauyi ba.

To kai da ka ce za ka ba Auwalu rabi, ka san inda za ka zauna? A ƙarshen waya, inda na ajiye Yaya. Kai kuwa na san ka, ba ka da haƙurinsa ko kwata. Ranar da kake tsakiyar kallon ƙwallo matar Auwalu ta mayar fim ɗinta, me za ka yi? Ka je ka buga mata ƙofa, kai baƙon jiya? Ko ka haɗiye, ka fara ƙirga abin da kake biya kana ƙullatar mutumin da ya ba ka aiki da ɗaki? Kada ka karɓi kuɗin mutum a kan abin da ikonsa ke hannunka kai kaɗai, kada kuma ka ba da naka a kan abin da ba ka da ta cewa a cikinsa. Ko kai da wa ne, balle ɗan'uwa da ba za ka iya ce masa a raba a huta ba.

Sai aikin da kansa, aikin gwani. Daga tagata na fito da wayar, na rataya ta a ƙusa jikin darbejiyar tsakar gida, na wuce da ita bakin kwanon rufin Yaya. Da na auna a kasuwa na yi rowa, sai ta gaza a tsakiya. Maimakon in koma in sayo mai tsawo, na samo guntuwa na murɗa su, na naɗe da leda da salatif na ce an gama. Ban binne ta ba, ban bi da ita jikin bango ba, na bar ta a miƙe daidai tsayin hannun mace. Duk macen da ta fito da wanki ta ga baƙar igiya a miƙe daga bishiya zuwa bango, me kake so ta yi da ita? Babarka ta yi shanya a kai, Inna Hajara matar Yaya ta yi, har Iya kakarka ta taɓa rataya ɗankwalinta. Da nauyin jiƙaƙƙun kaya ya ja, mahaɗin ya saki, hoto ya lalace, sai in fito ina bala'i.

Da damina ta kama, ruwa ya shiga ledar, wayar ta fara jan mutane. Babarka ta gaya min ta ji tana tsikarinta, na ce tsoron mata ne. Wata ranar Asabar da rana, an ɗauke ruwan sama ke nan, Inna Hajara ta fito ba takalmi, ta ɗaga jiƙaƙƙen zane za ta ɗora. Wuta ta fizge ta, ta zame ta faɗi a kan turmi da hannun hagu. Ni ina ɗaki, na ga hotona ya yi rawa, na fito a fusace. Na same ta a zaune cikin taɓo ta riƙe wuyan hannunta, mata sun kewaye ta. Ka san abin da ya fara fita daga bakina? Cewa na yi, "Sau nawa zan ce muku wannan ba igiyar shanya ba ce?"

Matar nan ta ciyar da ni shekara da shekaru ina gwauro. Ita ta riƙa wanke min kayan makaranta tun tana amarya. Ta ɗago kai ta dube ni, ta ce, "Allah Ya ba ka haƙuri, Haruna." Shi ke nan abin da ta ce. Aka kai ta wurin mai ɗori, hannun ya kama amma bai koma daidai ba. Tun daga ranar Yaya ya daina dariya in ya zo ƙofata. Ni kuma na ƙara naɗa wa mahaɗin salatif na ce na gyara.

Duk abin da ya shafi waya da wuta, Sagiru, ka kira wanda ya sani, ka biya shi, ka tsaya ka ga ya bi da ita ta inda hannu ba ya kaiwa. Ka iya sa wa waya caji ba shi ne ka iya aikin wuta ba. Idan kuma abin da ka haɗa da hannunka ya ji wa wani ciwo, kalmar farko sannu ce. Ko shi ne da laifi, sannu ce. Sauran magana ta jira har a ɗaure hannun.

Yanzu ga ranar da ta raba mu. Ka san mutanen tsohon garinmu sun watse bayan ruwa, wasu Tudun Wada, wasu Doguwa, wasu Badafi, wasu nan Kiru. To a da, duk kwana uku da Babbar Sallah sukan taru a sashen Yaya Sule, a ci nama, a san wanda ya haihu da wanda ya rasu, tsofaffi su yi ta lissafa inda rijiyar wane take da inda kukar wane take a ƙarƙashin ruwa. Shi kaɗai ne abin da ya rage mana na garin. A shekarar, da sassafe Yaya ya zo ya same ni ya ce, "Haruna, yau dai don Allah ka bar mana tashar nan mai nuna Makka. Dattawa suna son su ga alhazai, wasunsu da 'ya'yansu a can." Na ce an gama, Yaya.

Falonsa ya cika har waje. Ga tsohon limamin garinmu da aka riƙo masa hannu daga Doguwa, ga surukan Yaya, ga abokan mahaifinmu da suka rage. Suna kallon ɗawafi suna salati, wani yana share hawaye. Bayan azahar, da aka ci abinci, na zame na koma ɗakina da wasu abokaina biyu. Ba zan ce maka na manta ba, don na gaji da wannan ƙaryar. Ban manta ba. Cewa na yi a raina minti biyu ne, in duba ko an fara wasa in mayar. Ina cikin latsawa muka faɗa wata tashar kiɗa, mata suna rawa, abin da ke jikinsu bai kai hankici ba. Ɗaya daga abokan nawa ya ce tsaya tukuna. Na tsaya. Muka yi ta dariya kamar wasu yara, alhali ina da 'ya'ya huɗu.

Abin da ya dawo da ni hankalina shi ne shirun da gidan ya yi. Na leƙa ta taga na ga dattawa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana neman takalminsa kansa a ƙasa. Liman ya rufe fuska da gefen rawani. Sai ga Yaya ya tsallako, ya tsaya a ƙofata, wannan karon ba sallama. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Haruna, me na yi maka?"

Da a nan na durƙusa na ce na tuba, da yau ba na rubuta wannan takarda. Zagina zai yi, ya yi fushin kwana biyu, ya wuce. Amma abokaina suna zaune suna kallona, kunya ta kama ni, sai na mayar da ita faɗa. Na ce, "Dish ɗina ne, dikodata ce. Wanda bai ji daɗi ba ya je ya sayi tasa."

Ya ce, "Haka ka ce?"

Na ce, "Haka na ce."

Ban tsaya nan ba. Na zaro filaya, wannan da ke cikin jakarka, na fita tsakar gida a gaban baƙi da mata da yara. Iya tana zaune a tabarma gindin darbejiya, ta ce, "Haruna, ajiye ƙarfen nan." Na yi kamar ban ji ba. Na kama wayar na datse, na jefar da ɓangarensa a ƙofarsa. Yaya ya dube ni, ya juya, ya je ya raka baƙinsa bakin titi.

Wannan zuciyar tana jikinka, na gan ta. Na gan ta ranar da ka zubar da maganin feshi a gona, na yi maka magana, maimakon ka ce ka yi kuskure ka hau ƙanenka da faɗa wai shi ya ajiye jarkar a hanya. A wurina ka gado, ba zan ɗora wa babarka ba. Idan ka yi abin kunya kuma ka ji jini yana hawo maka ka, ka sani ba wanda ke gabanka ne ya yi maka laifi ba. Fita daga wurin, je ka yi alwala, ka dawo ka ce na yi kuskure. Musamman in akwai abokai a gefe, don waɗancan biyun da na yi wa burga ko ranar da aka fara ginin katanga ba su zo sun tambaye ni lafiya ba.

Iya ta ce in je in ba shi haƙuri a ranar. Na ce sai ya huce. Washegari ta sake faɗa, na ce gobe. Na riƙa ce wa kaina ai shi ne babba, shi ya kamata ya kira ni ya yi min faɗa a wuce wurin. Shi kuma yana can yana jiran ƙanensa ya tako taku ashirin. Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki na dawo daga fadama na tarar an sauke bulo a tsakar gida. Ko a lokacin, da na je, da ya dakatar da magina, na tabbata. Sai na ce ai shi ya fara, na wuce ɗaki.

Ɗakin Iya a ɓangarena ya faɗo. Tsohuwa da sanda, in tana son ganin ɗanta na fari sai ta fita ta zaure, ta bi lungu, ta zagaya ta bayan gida ta yi sallama a sabuwar ƙofa kamar baƙuwa. Shekara uku tana wannan zagayen har ta kwanta. Taron mutanen garinmu bai sake zama a gidan nan ba, an yi shi sau biyu a Tudun Wada ya watse. Bayan arba'in ɗin Iya, Yaya ya sayar da sashensa ya tafi. Tun daga nan sai a jana'iza muke haɗuwa, ya ce ya haƙuri, in ce da godiya, kowa ya nemi takalminsa. Ka kuma san abin da ya fi ci min rai? Bayan shekara biyu da tafiyarsa babarka ta dame ni, na kira Isiyaku ya sa mata dikoda ta biyu a ɗakinta. Wannan ƙarin da na ƙi biya saboda yayana, ga shi ina biyansa duk wata, bai kai kuɗin kwandon tumatir ba, kuma ban talauce ba.

Haƙuri a ranar ake bayar da shi, tun abin yana da zafi. Kwana ɗaya in ya wuce, nauyinsa ya ninka, kuma ba ya raguwa don an yi shiru.

Da Auwalu ya zo watan jiya ya ce yana son ka je ka kama masa shagon iri da taki, na ɗauka ra'ayinsa ne shi kaɗai. Na tambaye shi ko Baffanka ya sani. Ya ce ya sani, har ya faɗa min abin da ya ce: "Ɗan Haruna ɗana ne, a share masa ɗakin da ke kusa da nawa." Bayan Auwalu ya tafi na shiga ɗaki na rufe ƙofa, ban so babarka ta ga fuskata ba. Kai ne mutum na farko daga gidana da zai kwana ƙarƙashin rufin Yaya tun ranar can. Sannan abu na farko da za ka nuna masa shi ne ɗan Haruna a kan tsani yana jan baƙar waya ta tsakar gidansa, ta gaban Inna Hajara? Yanzu ka gane abin da ya sa na yi maka ihu jiya.

Saboda haka ga umarnina, ba shawara ba ce. Wayar nan kada ta shiga gidan. Ka ba yaron motar da ta kai ka, ko ka jefa ta a bola tun a tasha, filayar ma ba na son sake ganinta. In kana son kallo, ka je falon Auwalu ka yi sallama ka zauna cikin mutane, abin da aka sa ka kalla, in bai yi maka ba ka tashi. In ka tara abin hannunka, ka sayi taka dikodar, ka biya kamfani kana tsaki kamar yadda nake yi, ka kira mai haɗawa. Ko ƙusa kada ka buga a bangon gidan nan sai ka tambayi Baffanka. Inna Hajara kuwa ka durƙusa har ƙasa in za ka gaishe ta, kuma kada ka bari ta ɗauki bokiti kana tsaye, hannunta na hagu ba ya son nauyi.

Saura abu ɗaya, kuma wannan roƙonka nake. Auwalu ya ce ƙafa ta fara hana Yaya zuwa masallaci, a zaure yake salla a zaune. Ni ma ba yaro ba ne. Idan ka kwana biyu ka saba da gidan, ka nemi lokacin da yake shi kaɗai, ka zauna a ƙasa ka ce masa Haruna ya ce shi ne da laifi tun daga farko har ƙarshe, kuma yana tambaya ko zai iya zuwa ranar Juma'a ya faɗa da bakinsa, a gabansa da gaban Inna Hajara. Kada ka ƙara kome, kada ka gyara min magana don ta yi daɗi. Abin da ya ce kuma ka kawo min shi yadda yake. In ya ce in zo, ka kira ni nan take ko ina tsakiyar ban ruwa. In ya ce a'a, kada ka ɓoye min, yana da gaskiyarsa. In ya yi shiru, ka gaya min ya yi shiru, zan zo in zauna a ƙofar zaure har ya yi magana.

Babarka tana gaishe ka, ta ce yajin da ke cikin gwangwani na Inna Hajara ne ba naka ba. Ƙannenka suna gaisuwa. Allah Ya tsare ka a gida da shago da hanya, Ya sa ka zama alheri a gidan da ka shiga, Ya raba ka da zuciyar ubanka. Allah Ya ƙara wa Yaya lafiya, Ya kai ni da shi Juma'ar da za mu haɗu da rai.

Wassalam.

Mahaifinka,
Haruna